Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Sufurin Jiragen Sama: a ba masu hasashen yanayi bayanan iskar da jirage ke aunawa

Mai girma Minista, tare da shugabannin hukumomin NiMet mai hasashen yanayi, NAMA mai kula da sararin samaniya da rada, da NCAA mai sa ido a kan kamfanonin jirage,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, muna fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni tsohon malamin gona ne a Kano, na yi ritaya, ina taɓa noman damina a wajen gari. Na rubuto wannan takarda a madadin abokan zamana: tsofaffin malaman gona irina, wasu malaman labarin ƙasa na makarantun sakandare, da manoman da kan tare mu a bakin kasuwa ko bayan an idar da sallar Juma'a suna tambaya, "Malam, a zuba takin nan ko a dakata?" Ba mu da ƙungiya mai rajista, ba mu da ofis. Abin da ya haɗa mu kawai shi ne abincinmu da na 'ya'yanmu yana rataye ne da abin da sama za ta yi gobe.

Dalilin da ya sa muka ga bai kamata mu ƙara jinkiri ba shi ne maganar da ake ta yi cewa na'urorin rada masu sa ido a sararin samaniyar ƙasar nan sun tsufa, ana neman kuɗin sabunta su. Su ne waɗanda aka ƙaddamar a 2010 ƙarƙashin shirin TRACON, kamfanin Thales na Faransa ya kafa su a wurare tara: Legas, Abuja, Kano, Fatakwal, Ilori, Maiduguri, Numan, Obubra da Talata Mafara. Duk inda aka tayar da zancen, batun hana jirage karo da juna ake kawowa, kuma haka ya dace. Sai dai rada ta zamani tana da wani amfani na biyu wanda ya shafi gonakinmu kai tsaye, muna kuwa tsoron a rattaba hannu a takardun kwangila a tashi, ba wanda ya tuna da shi.

Ranka ya daɗe, bari in ɗan yi bayaninsa, saboda jama'ar da za su karanta wannan wasiƙa tare da ku.

Jirgin fasinja na zamani ya san abu biyu game da tafiyarsa a kowace daƙiƙa. Ya san inda hancinsa ya dosa da gudun da yake yi a cikin iska. Ya kuma san, ta hanyar tauraron ɗan'adam, inda yake tafiya a zahiri a bisa doron ƙasa da nisan da yake ci. Waɗannan biyu ba sa zuwa daidai, domin iska kan tura shi gaba, ko ta danne shi, ko ta karkatar da shi gefe. Wanda ya taɓa tsallaka Kwara a kwalekwale a Yawuri ya ga irin haka da idonsa: mai tuƙi ya saita wata bishiya a ɗaya gaɓar, ruwa ya sauke shi can ƙasa da ita, tazarar da ke tsakani ita ke nuna ƙarfin ruwan. Kwamfuta ma haka take yi, ta cire wannan daga wancan, sai ga ƙarfin iska da inda ta fito, a daidai wurin da jirgin yake da tsayin da yake kai. Zafin iskar ma yana fitowa. Jirgi yana faɗin gudunsa idan an gwada shi da gudun sauti, gudun sauti kuma yana ƙaruwa idan iska ta yi ɗumi, yana raguwa idan ta yi sanyi. Daga nan lissafi ne irin wanda ɗan aji shida na sakandare zai iya.

Ba a buƙatar a ɗaura wa jirgin wata sabuwar na'ura. Radar da ake kira Mode-S tana kiran kowane jirgi da lambarsa a duk zagayen da eriyarta ta yi, cikin 'yan daƙiƙoƙi, jirgin ya amsa. Tambaya tana tafiya a zangon megahaz 1030, amsa ta dawo a 1090. Idan an saita radar ta nemi ƙarin bayanin da ya haɗa da gudu da alƙibla, jirgin zai bayar. A Turai doka ta wajabta wa duk jirgin da nauyinsa ya haura kilo 5,700 ya iya ba da wannan amsa, saboda haka duk babban jirgin da ke tasowa daga Landan ko Faris ko Amstadam ya nufo Legas, ko ya ratsa ta kanmu cikin dare zuwa Afirka ta Kudu, a shirye yake. Ma'aikatan hasumiya sukan yi amfani da amsar na ɗan lokaci su raba jirage, daga nan aikinsu da ita ya ƙare.

Wani masani a hukumar yanayi ta ƙasar Holan, Siebren de Haan, shi ya nuna a 2011, da bayanan radar filin jirgin Schiphol, cewa iskar da ake fitarwa ta wannan hanya tana da ingancin da za a iya zuba ta cikin kwamfutocin hasashe. Daga baya cibiyar kula da jirage ta Maastricht ta fara miƙa wa hukumar nata bayanan, har abin ya zama cibiya guda mai suna EMADDC, wadda ke tattaro wa ƙasashen Turai miliyoyin awo a kowace rana. Birtaniya ta bi wata hanyar mai araha, hukumar yanayinta ta kafa 'yan ƙananan na'urorin saurare da ke kama amsar da jirage ke ba rada. Sulobeniya, ƙasar da mutanenta ba su kai na birnin Kano ba, ta saita radarta tana neman iska da zafi kai tsaye daga jiragen da ke iya bayarwa. Yau matsalar Turawa ita ce bayanan sun yi musu yawa, sai sun tace sun rage kafin kwamfuta ta iya ɗauka.

Darajar awon jirage ta fito fili a lokacin korona. Kafin annobar, shirin AMDAR na Hukumar Yanayi ta Duniya, wanda kamfanonin jirage sama da 40 ke aika awo ta cikinsa, yana samar da fiye da awo 800,000 kullum. Da aka ajiye jirage a 2020, adadin ya faɗi da kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100, masu hasashe a duniya suka shiga damuwa. A 2020 ɗin ne babbar cibiyar hasashe ta Turai, ECMWF, ta fara amfani da bayanan Mode-S don cike giɓin. Su sun yi 'yan watanni cikin ƙarancin awo, hankalinsu ya tashi. Mu a cikin irin wannan ƙarancin muke zaune shekara da shekaru.

Kukanmu na farko ke nan. Sararin da ke kan Afirka ta Yamma yana cikin wuraren da aka fi jahilta a duniya. Hanyar gargajiya ta sanin abin da ke can sama ita ce a saki balan-balan mai ɗauke da ƙaramar na'ura, sau biyu a rana, ƙarfe ɗaya na dare da ƙarfe ɗaya na rana agogon Najeriya, ta hau har kilomita 30 tana aiko da iska da zafi da laima. Kowace na'ura sau ɗaya ake amfani da ita, da kuɗin waje ake sayenta, ga iskar gas da ake hura balan-balan ɗin, ga wutar lantarki. Da kasafin kuɗi ya yi tangarɗa, wannan aiki ake fara ajiyewa, tunda ba wanda zai fito zanga-zanga don ba a saki balan-balan ba. Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce tsakanin 2015 da 2020 irin wannan awo daga Afirka ya ragu da kusan rabi. Duk mai intanet zai iya buɗe taswirar hukumar da ke nuna tashoshin da suka aiko rahoto a rana, ya kwatanta Turai da yankinmu. A 2006, lokacin babban binciken daminar Afirka ta Yamma da aka kira AMMA, sai da masu binciken suka fara farfaɗo da tsofaffin tashoshi suka kuma kafa sababbi a Abuja, Tamale, Faraku da Kwatano kafin su iya aikinsu. Jiragen nan kuwa kullum suna wucewa, suna awo a kan kuɗin mai da fasinja ya riga ya biya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Na biyu, kuma a nan nake so ku ɗan dakata, iska ita ce abin da masu hasashe suka fi buƙata a yankinmu, ita ce kuma suka fi rashi. A ƙasashen sanyi, idan an san nauyin iska a wurare daban-daban, ana iya lissafa yadda take kaɗawa, saboda juyawar duniya tana ɗaure su tare. Kusa da tsakiyar duniya, inda muke, wannan ɗauri ya yi sako-sako, dole sai an auna iskar da kanta. Taurarin ɗan'adam suna ganin gajimare da kyau, amma ba sa ba da iska hawa-hawa daga ƙasa zuwa sama. Wanda aka ƙera musamman don haka, Aeolus na Turai, an harba shi a 2018, amfaninsa ya fi fitowa a yankuna masu zafi irin namu, ya kuma gama aiki a 2023.

Ruwanmu kuma a hannun iska yake, kowane manomi ya san haka ko bai shiga aji ba. Iska mai laima tana tasowa daga teku, kudu maso yamma, tana bin ƙasa-ƙasa. A samanta, wajen kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata mai ƙarfi da ke fitowa daga gabas a damina. Can ƙololuwa, inda manyan jirage ke miƙe tafiya da ɗan sama da haka, akwai wata gabasawar kuma. Yadda waɗannan suke goga da juna shi ke sa hadari ya haɗu ya yi layi, ya taso daga gabas da guguwa a gabansa, ya ratsa Borno da Yobe da Jigawa ya nufi Sakkwato. Irin wannan hadari shi ke kawo mafi yawan ruwan Sahel. Tsofaffinmu gabas suke duba da la'asar, ba su yi kuskure ba. Jirgin da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano yana ratsa hawa na ɗaya da na biyu cikin minti goma na farko, yana auna su. Wanda ke sauka a Maiduguri ko Yola yana yin awonsa ne a inda hadarin da zai iso mana gobe yake tasowa.

A 2018 wasu masana a Karlsruhe ta Jamus sun wallafa bincike kan hasashen ruwan sama da manyan cibiyoyin duniya ke yi wa arewacin Afirka mai zafi. Abin da suka gano ba daɗin ji: hasashen ruwan gobe da kyar yake fin wanda zai duba tarihin shekarun baya kawai ya ce yawanci a irin wannan rana akan yi ruwa. Wani ɓangare na laifin na kwamfutocin ne, ba su iya kwatanta hadarinmu da kyau ba. Amma kwamfuta ko ta fi kowacce, daga halin da sama take ciki yanzu take fara lissafi, idan ba a gaya mata ba sai ta yi kirdado. Hasashen da ke cikin wayoyin matasanmu daga waɗannan cibiyoyi yake fitowa, ma'aikatan hasashenmu ma suna duba su kafin su yanke hukunci.

Na uku shi ne abin da wannan ke jawowa a ƙasa. Hasashen shekara da NiMet ke fitarwa kafin damina yana da amfani, mun kuma yaba da aka fara fassara shi zuwa Hausa. Yana gaya wa mutum wane iri zai nema, mai saurin nuna ko mai jan kwanaki. Amma asarar manomi a hukuncin kwana ɗaya zuwa uku take. A shuka bayan wannan ruwan ko na yaudara ne, fari zai biyo baya iri ya ƙone a ƙasa? A yi feshi yau ko ruwa zai wanke maganin? A baza shanya ko a bari?

Wata damina, maƙwabcina a gona ya sayar da tunkiya ya sayi buhun yuriya biyu don masararsa. Gari ya waye tas, wayar ɗansa ta nuna ba ruwa sai jibi. Shi da yaransa suka bi kunya-kunya suna zubawa tun hantsi, da niyyar su rufe da ƙasa washegari. Ana kiran la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta fara kwantar da masara, kafin su kai bakin hanya ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Da safe na bi ta gonar. Ruwa ya yanka ƙananan kwari tsakanin kunyoyi, ya kwashe takin ya zuba a kududdufin da ke ƙasan gonar, ciyawar bakin kududdufin ce ta yi shar bayan mako biyu. Bai ce wa kowa komai ba, "Allah ya sa haka ne mafi alheri" kawai ya ce. Mun yarda da ƙaddara. Amma wannan hadarin ya yi sa'o'i yana tahowa, ta hanyar da jirage ke bi. A tara irin wannan asara daga Argungu zuwa Biu, taki da iri da magani da hatsin da ya jiƙe a masussuka, za a ga kuɗin ya ninka abin da muke roƙo sau da yawa. Ba mu ma taɓo ambaliya ba: ta 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar nan, a Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, a Mayun 2025 kuma ruwa ya afka wa Mokwa da asuba.

Na huɗu ya shafi gidanku da kansa. Mu mutanen Arewa ba za mu manta da ranar 29 ga Oktoban 2006 ba, ranar da jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah ya jiƙansu. Kusan shekara guda kafin nan, a Disambar 2005, jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal, mutum 108 suka rasu, da yawansu 'yan makaranta. A duka biyun bincike ya ambaci mummunan yanayi da iskar da ke juyawa farat ɗaya kusa da ƙasa. Ba mu ce abin da muke nema da ya hana waɗannan ba, akwai hukuncin matuƙa a ciki, kuma an kafa na'urorin gargaɗin irin wannan iska a wasu filaye daga baya. Abin da muke cewa shi ne kowane jirgi da ya sauka yana barin labarin iskar da ya ratso, wanda ke biye da shi yana da haƙƙin a gaya masa. Da hunturu kuma, hazon da ke hana jirage sauka a Kano da Maiduguri daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, iskar arewa maso gabas ke ɗauko shi. Jirgi ba ya auna ƙura, amma yana auna iskar da ke kawo ta. Wanda ya san ƙarfinta zai iya faɗin ranar da hazon zai iso, a sanar da fasinja tun yana gida, maimakon ya wuni a ɗakin jira da jakarsa.

Akwai kuma wani abu da ya dace a lura. A waɗannan shekaru jigilar alhazai tana faɗowa ne tsakanin Afrilu da Yuni, daidai lokacin da manomi ke zuba ido ga ruwan shuka. A 'yan makonnin nan ne filayen Sakkwato, Katsina, Birnin Kabi, Maiduguri da Yola suke ganin manyan jirage suna sauka suna tashi fiye da kowane lokaci.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, a wasu ƙasashe hukumar yanayi tana ƙarƙashin wata ma'aikata, masu rada suna ƙarƙashin wata, sai an sha fama kafin su zauna tare. Mu kuwa, hukumomin nan uku duk a ƙarƙashin ofishinka suke, ranka ya daɗe. Daga kashi 5 cikin 100 da ake ɗorawa a kan kuɗin tikiti ake raba musu kaso. Ma'aikatansu a fili ɗaya suke aiki, wani lokaci bene ɗaya. Kowa ya ga a Afrilun 2025, da ma'aikatan NiMet suka shiga yajin aiki, kamfanin Air Peace ya dakatar da tashin jiragensa, domin jirgi ba ya tashi sai da rahoton yanayi. Jirage suna karɓa daga masu hasashe kullum safiya, ya kamata abin da suka auno ya koma hannun masu hasashen.

Don kada a ce mun zo tallar maganin kowace cuta, ga iyakar abin. Ba ya ba da laima, laima kuwa rabin labarin ruwa ce, saboda haka ba zai maye gurbin balan-balan ba, kada wani ya fake da shi ya rufe tasha. Awon zafi yana da rauni idan jirgi yana ƙasa-ƙasa yana tafiya a hankali. Kamfas ɗin kowane jirgi yana da 'yar karkatarsa, sai an bi shi kwanaki an gano ta an gyara, in ba haka ba iskar da za a fitar ta bogi ce. Jirage sun fi yawa tsakanin Legas da Abuja, Arewa kaɗan take samu. Ƙananan na'urorin saurare kuma amsa kawai suke ji, idan rada ba ta yi tambayar ba babu abin da za su kama. Siginar da jirgi ke watsawa da kansa, wadda manhajoji irin Flightradar24 ke nunawa, yawanci wuri da gudu a bisa ƙasa take faɗi, rabin lissafin ke nan. Shi ya sa maganar take komawa kan rada, shi ya sa kuma muka rubuto yanzu.

Ga abin da muke roƙo.

Duk kwangilar da za a bayar ta sabunta rada ko sayen sabuwa, a rubuta a cikinta ƙarara cewa za ta riƙa neman cikakken bayanin gudu da alƙibla daga jirage, da rahoton iska da zafi daga waɗanda ke iya bayarwa, kuma a fitar da layin da zai kai kwafin bayanan ga NiMet nan take. Idan aka bari sai an gama kafawa, kamfani zai ce sabon aiki ne, ya kawo sabon farashi da kuɗin waje. Kafin nan, injiniyoyin NAMA su duba tashoshin tara da ake da su, su faɗi wacce za ta iya wannan aiki a yadda take. Ko ɗaya ce, a fara da ita. Mu dai da za a tambaye mu, Kano ko Maiduguri za mu ce, saboda yanayinmu daga gabas yake zuwa.

Mai girma Minista ya zaunar da shugabannin NAMA da NiMet su sa hannu a yarjejeniyar musayar bayanai, da wa'adi, da sunan jami'in da za a tuhuma a kowane ɓangare. Mun san za a kawo batun tsaro. Amsarsa mai sauƙi ce: a cire jiragen soja da na shugaban ƙasa tun daga tushe, a ɓoye lambar sauran. Mai hasashe ba ruwansa da wanda ke cikin jirgi, iska yake nema. Inda jiragen fasinja suke kuwa, yaro mai waya ma yana gani.

NCAA ta sa ido jiragen cikin gida su kasance suna ba da amsa daidai, ta kuma ja kamfanoninmu su shiga shirin AMDAR. Tun 2020 Hukumar Yanayi ta Duniya da ƙungiyar kamfanonin jirage ta IATA suka ƙulla yarjejeniyar faɗaɗa shi zuwa yankunan da ba su da awo. Afirka ta Kudu ta daɗe a ciki, Kenya ma ta bi. Ƙasar da ta fi kowacce yawan jama'a a nahiyar bai kamata a neme ta a rasa ba.

Kada a mai da wannan wata ƙatuwar kwangila ta biliyoyi. Abin da ake buƙata kwamfuta ce mai ɗan ƙarfi, layin intanet da ba ya yankewa, wutar sola, da matasa 'yan kaɗan da suka iya lissafi. Muna da kwalejin jiragen sama a Zariya tun 1964, muna da makarantar nazarin yanayi ta NiMet a Katsina, muna da sassan kimiyya a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. A tura wasu su ga yadda mutanen Holan ke tace bayanan, su dawo su koya wa wasu, a kuma ba ɗalibai damar yin bincike da abin da aka tara. Asusun SOFF da aka kafa a 2021 don tallafa wa awon yanayi ya ba ƙasashe mafi talauci da ƙananan tsibirai fifiko. Nijar da Chadi suna cikin wannan jeri, Najeriya ba ta ciki, don haka kada a zauna jiran mai bayarwa.

Abin da aka auna a tura shi ga cibiyoyin duniya, kada a kulle a durowa. Wannan ba kyauta ba ce, hasashen da suke dawo mana da shi ne zai gyaru. Su ma suna so, domin yawancin manyan guguwowin da ke afka wa Amurka daga igiyoyin iskar Afirka ta Yamma suke farawa, wanda kuwa yake da abin da ake nema yana da bakin neman horo da kayan aiki. A kuma tuntuɓi ASECNA, mai kula da sararin Nijar da Chadi da Kamaru, da cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET da ke Yamai. Rada tana hango jirgin da ke can sama har nisan kilomita 400, ta Talata Mafara ke nan tana ganin saman Maraɗi, awon da aka yi a Njamena kuma gargaɗi ne ga Borno. Duk abin da ya shiga tsakanin gwamnatoci, manomin Damagaram da na Daura hadari ɗaya suke jira.

NiMet ta riƙa bayyana wa jama'a, ko sau ɗaya a wata uku, tasha nawa ce ta saki balan-balan, sau nawa, da awon jirage nawa ya shigo. A kuma riƙa gwada hasashen da aka yi da ruwan da ya sauka a fitar da sakamako, mu san ko ana ci gaba.

Daga ƙarshe, duk gyaran da aka samu ya iso ga wanda ke riƙe da fartanya. Hasashen da ya tsaya a shafin intanet da Turanci bai zo ƙauye ba. Muna so a ba gidajen rediyon jihohi hasashen kwana uku da Hausa, a karanta bayan labaran safe da na magariba, da sunayen ƙananan hukumomi, da magana irin wadda manomi ke yi: akwai hadari da iska gobe da yamma, a dakata da zuba taki, a kwashe shanya. A tura irinsa ta saƙon waya ga malaman gona da masu unguwanni. Mu da muka rubuto wannan takarda a shirye muke mu ajiye ma'aunin ruwa a gonakinmu, mu riƙa aiko da abin da ya sauka kullum ba tare da an biya mu ba, domin a sami abin gwada hasashen da shi.

Muna roƙon a ba da amsa a bainar jama'a kafin a fitar da hasashen damina mai zuwa, a faɗi tashar da za a fara da ita da watan da za a fara.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare matafiyanmu.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon malamin gona, a madadin abokan zamansa manoma da malaman makaranta,
Kano.